Saifar Yaya

Duk mu huɗu da Inna ta haifa muna da tabon aska a ciki, a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Nawa layi biyar ne. Na Yaya, babbanmu, tara ne, don shi sau biyu aka yi masa. A ƙauyenmu da ke tsakanin Tsanyawa da Bici, in damina ta yi nisa yaro ya sha zazzaɓi sau biyu ko uku, sai uwarsa ta kwantar da shi ta latsa cikinsa. In ta ji wani abu mai tauri ya leƙo daga ƙarƙashin haƙarƙari, sai ta ce saifa ta sauko. Washegari da hantsi a kira wanzami ya tsaga wurin, ya kafa ƙaho, ya zuƙo baƙin jini ya juye a ƙasa kowa ya gani. Bayan ruwa ya ɗauke kumburin ya sace, sai a ce aikin wanzami ya yi kyau.

Inna ba ta ƙi jinin komai ba kamar saifa. A wurinta ba wani sashen jiki ba ne, muguwar aba ce da ke kwance a cikin ɗan mutum tana jiran damina. Ko ta ragon layya ba ta yarda mu ci, sai ta tura wa maƙwabta.

Ni ne auta, ni kaɗai kuma na yi boko mai nisa. Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare kusa da Bici, ina dawowa gida duk Juma'a da yamma. A bangon ajina akwai babban zanen jikin mutum, ga saifa nan a gefen tumbi, 'yar ƙarama. Shekara da shekaru ina nuna ta da sanda, in faɗi sunanta da Turanci, yara su maimaita, mu wuce zuwa hanta. Iyakar sanina da ita ke nan, amma da kun ga yadda nake tafiya a ƙauye da biro a aljihun gaba, sai ku rantse ni na zana ta.

Yaya kuwa manomi ne, irin wanda in ya shiga kunya ba ya ɗago kai sai ya kai ƙarshenta. Tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gidan. Shi ya ci da mu, shi ya tura ni kwaleji, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa yi wa karatun nawa dariya. In na faɗi wata magana mai kama da ta littafi sai ya ce, to, a miƙo wa Malam fartanya mu ga ko ta iya Turanci.

Wata kaka yana ɗauko dammunan dawa a amalanke, wani mai babur ya fito daga lungu ya firgita shanun. Suka zabura suka matse shi da katangar masallaci. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce ba komai, har ya sauke kayan. Kafin Azahar leɓensa ya yi fari, gumi mai sanyi na zuba, cikinsa ya yi tauri. Daga asibitin da muka fara kai shi aka tura mu birni, aka shiga da shi tiyata a ranar. Saifarsa ce ta fashe tana zubar da jini a ciki, suka cire ta gaba ɗaya.

Ranar da za a sallame shi ni ne a wurinsa. Likitan da ya yi aikin, wani dattijo mai furfura, ya zo ya yi sallama da Hausarsa tsaf. Ni kuwa, don dai ya san ba da ƙauyawa zalla yake magana ba, sai na amsa da Turanci, har na ƙara da cewa ni malamin kimiyya ne. Ya ce madalla, ai ka sauƙaƙa mini. Ya juya harshe ya yi mini bayani dalla-dalla, Yaya na zaune a bakin gado yana kallon bakunanmu. Ya ce mutum na rayuwa ba saifa, amma an rage masa garkuwa. Ya riƙa kwana a gidan sauro. Abin da ya fi nanatawa kuma, har yana buga yatsa a kan takarda, shi ne duk ranar da zazzaɓi ya taɓa shi, ko yaya yake, a kawo shi asibiti a ranar, kada a kwana. Ya ce zazzaɓin da zai kwantar da wani kwana biyu, shi zai iya tafiya da shi.

Da likitan ya wuce, Yaya ya dube ni.

"Me ya ce?"

"Ya ce ka warke. Ka dai riƙa kula da kanka."

"Duk wannan dogon surutun?"

"Ka san Turanci," na ce, muka yi dariya.

Na sha tambayar kaina dalili. A wurinmu ba a kallon wanda ya tashi daga ciwo a ambata masa mutuwa, sai a ce ka yi masa mugun baki. Ga shi yayana ne, ya rame, yana tsoron kada a ɗauke shi rabin mutum. Na ce a raina bari ya ƙara ƙarfi tukuna. Wannan shi ne uzurin da nake ba kaina, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

Da muka iso gida na gaya wa Inna abin da aka cire, sai ta ɗaga hannu sama. Ban taɓa ganin ta cikin irin wannan farin ciki ba. Ta ce ashe wannan hatsari alheri ne ya zo da shi, abin da ta yi ta fama da shi tun yana goye yau an raba shi da shi har abada. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ba shi labari. Har tsohon wanzamin da ya tsaga mu ya zo, ya sa aka ɗaga masa riga, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ce lallai likitoci sun ƙarasa masa aikinsa. Ina tsaye a wurin. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa Inna abin da take murna a kai shi ne abin tsoro? Aka ci gaba da shan fura.

Rani ya wuce lafiya. Yaya ya murmure, ya koma ɗaukar buhu kamar ba a taɓa yanka shi ba. Duk Juma'a in na hau bas sai in ce yau zan faɗa, in na iso na same shi yana raha sai in ce bari sai wani makon. Da aka yi ruwan shuka na sayo gidan sauro na kai masa. Ya miƙa wa matarsa ta ɗaura wa yara, shi kuwa ya ci gaba da shimfiɗa tabarmarsa a tsakar gida in ba a ruwa, wai ɗaki zafi. Matar tasa abokiyar wasata ce, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin mijinta. Ta ce mini, ɗan boko, kai da ka ji sauro sai ka nemi lulluɓi, mijina kuwa sauro ne ke tsoronsa.

A nan sai na faɗi yadda muke da zazzaɓi, don wanda bai san mu ba kada ya ɗauka sakaci ne. Gidajenmu a cikin gonaki suke. In gero ya rufe mutum, daga ƙofar gida zuwa ta maƙwabci duk ganye ne da ruwa kwance, kowa kuma sai ya sha rabonsa na masassara. Yaro ƙarami da mai ciki ana jin tsoro a kansu. Amma babba namiji, kwana uku ake ba shi. Ranar farko ya kwanta a rana in sanyi ya kama shi. A dafa masa ganyen darbejiya da na mangwaro da na gwaiba, ya yi sirace, ya sha. Rana ta biyu ya yi gumi. Rana ta uku ya nemi kunun tsamiya, ya ɗauki fartanya. Haka Baba ya yi har ya tsufa, haka Yaya ya yi duk damina tun tasowarsa. Namijin da ya nufi asibiti tun kwana uku ba su cika ba, a tsakiyar aikin gona, sai an yi shekara ana tsokanarsa a majalisa.

Wata Juma'a cikin marka na sauka daga bas na tarar da shi a kwance a zaure, an lulluɓe shi da bargo biyu, haƙoransa na haɗuwa. Tun jiya Alhamis ya fara. Na ce mu tafi asibiti yanzu. Ya leƙo daga cikin bargo ya ce wai shi za a kai asibiti don masassara, ga ciyawa ta cinye gyaɗa? Inna ta fito da tukunyar sirace ta ce yau kwana biyu kacal, gobe war haka yana gona, balle ma shi da ba shi da saifar da za ta sauko.

A nan ne ya kamata in faɗa. Kalmomi kaɗan ne. Amma in na faɗa, sai na bayyana cewa wata tara ina riƙe da maganar, kuma na yi masa ƙarya a bakin gadon asibiti. Na ji nauyin wannan fiye da tsoron. Haka aka yi. Na je kemis na sayo ƙwayar sauke zafin jiki, ko gwajin jini ban ce a yi ba.

Ranar Asabar da safe ya tashi jiƙe sharkaf da gumi, jiki ya yi sanyi. Ya sha koko, ya saɓi fartanya, ya dube ni ya ce, to Malam, a fasa kiran motar asibitin. Wallahi na ji daɗi. Har na ce a raina likitoci ma akwai su da zuzuta abu.

Bayan Azahar a amalanke aka dawo da shi. Maƙwabcin gona ne ya gan shi a durƙushe tsakanin kunyoyi yana amai. Har a lokacin Inna cewa take rana ce ta buge shi, gobe ne cikon na uku da safe. Ni kuma na ce to, da safe.

Da gari ya waye matarsa ta kira ni bayan ɗaki, babu wasa a fuskarta. Ta nuna mini kwanon da ya yi fitsari. Baƙi ne, kamar shayin da ya daɗe a kan wuta. Na shiga na buɗe idonsa, farin ya koma ruwan ɗorawa. Ya kalle ni ya kira ni da Baba, yana ba ni haƙuri wai bai gama noman maimai ba. Ban san lokacin da na fita da gudu ba takalmi ina neman mota.

Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Tana ɗaga rigarsa ta ga dogon ɗinkin, sai ta tsaya. Ta tambaya me aka yi masa, na ce an cire saifa bara. Ta tambaya yaushe zazzaɓin ya fara, matarsa ta ce tun Alhamis. Likitar ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Tun Alhamis? Da aka yi masa aikin ba a gaya muku kada ya kwana da zazzaɓi ba?"

Da Hausa ta yi tambayar. Matar Yaya ta ce wallahi ba wanda ya gaya musu. Ni na sunkuyar da kai ina kallon siminti. Likitar ba ta jira amsata ba, ta shiga kiran a kawo allura da ledar ruwa, a ɗibi jinina a gani ko zai yi masa.

Mai awon jinin ya san ni, ɗansa ɗalibina ne. Bayan ya ɗibi nawa ya ce in zo in ga na Yaya. Na sa ido a madubinsa mai ƙara girman abu. Ga ƙwayoyin jini nan zagaye-zagaye, cikin da yawansu akwai wani ɗan abu kamar zobe. Ya ce a jinin manyan ƙauye masu zazzaɓi sai ya yi ta lalube kafin ya ga ɗaya ko biyu. A nan kuwa duk inda ya juya gilashin suna nan. Ya ce ya daɗe bai ga irin wannan a jikin babba ba.

Da aka samu jikin Yaya ya ɗan lafa, likitar ta same ni a baranda. Na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun wata tara da suka wuce: mene ne aikin saifar nan? Ta yi mini bayani yadda ake yi wa yaro, kuma na cancanci haka. Ta ce ƙwayar cutar da sauro ke zubawa tana shiga cikin ƙwayoyin jini ta hayayyafa, ta fasa su ta fito ta shiga wasu. Duk lokacin da suka fashe, akwai wasu ƙwayoyin tsaro da aka haifi kowane mutum da su, ba sai sun taɓa sanin cutar ba, da sun ji dattin sai su ta da jiki gaba ɗaya. Wannan rawar sanyi da zafin da muke gani, jiki ne da kansa ya hura wutar don ya takura wa cutar. Saukar zafin da gumi kuwa ba warkewa ba ce, jira ne kafin wasu su sake fashewa. Na tuna safiyar Asabar da kokon da ya sha.

Ta ce saifa kuma rariya ce. Duk jinin jiki sai ya bi ta cikinta ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi. Lafiyayyar ƙwayar jini tana lanƙwasawa ta wuce, wadda cuta ta shiga kuwa ta yi tauri, sai ta maƙale, masu tsaron da ke cike a wurin su cinye ta. Shi ya sa take kumbura a cikin yara da damina, aiki ne ya yi mata yawa. Kwana ukun da mutanenmu ke jira, ko ga mai saifa ganganci ne, amma yawanci ita ce ke riƙe cutar har a samu sa'a. Shi ba shi da ita, ba abin da ke tacewa. Yanzu cutar ta yi yawan da jikin ya ta da duk abin da yake da shi, faɗan kuma ya fara cin ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa.

Na zauna a kan benci. Wato abin da aka danne mu aka tsaga saboda shi, abin da Inna ta yi ta tsine wa, shi ne yake tsaye a kanmu duk damina. Ni kuma mai sanda da zane a bango ban sani ba.

An yi masa duk abin da za a yi. An ƙara masa jinina, an ƙara na wani ɗan ƙanin Baba. Ranar Litinin da hantsi ya buɗe ido ya gane ni, ya tambaya ko an ba shanu ciyawa. Na ce an ba su. Na matso da bakina kusa da kunnensa zan faɗa masa, sai na ga ya riga ya koma. Bai sake farfaɗowa ba. Ana kiran sallar La'asar ya cika.

Mutanen gari sun kasa yarda. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, zazzaɓi? Wannan ƙaton? Wasu suka ce ciwon shawara ne, wasu suka fara raɗe-raɗin ko an yi masa wani abu a gona. Ina zaune a kan tabarma ina karɓar hannu, ina amsa Allah ya ji ƙansa, ana yaba mini wai na yi ƙoƙari, na ba da jinina.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta dai daina cin abinci. In an kai mata kwano sai a dawo a same shi yadda aka ajiye.

Kwana bakwai da rasuwar, bayan baƙi sun ragu, matar Yaya ta aiko 'yarta ta kira ni. Tana cikin takaba, tana zaune daga cikin ɗaki, ni ina tsugune a bakin ƙofa. Muka gaisa.

"Ranar da likita ta yi tambayar nan, ni na amsa," ta ce. "Kai ba ka amsa ba."

Na ce haka ne.

"An gaya maka?"

"An gaya mini. Tun a birni."

Na jira ta yi ihu ko ta zage ni, da na fi son haka. Sai na ji tana jan numfashi a hankali. Ta ce da ita na gaya wa, ko ba ta gaya wa kowa ba, da ranar Alhamis ɗin nan ko ɗaure shi ne sai ta sa an yi an kai shi. Ta ce ba ta kira ni don wannan ba, wannan tsakanina da Allah ne.

"Inna ce. Tun ranar take cewa ita ta kashe shi, ita ta ce a jira kwana uku, kai har ka ce a tafi ta hana. Ba ta barin kowa ya ji sai ni. Ka tashi ka je ka gaya mata."

Na tashi. Tsakanin ɗakin nan da na Inna bai fi taku goma ba. Na same ta a kan buzu da carbi a hannu, ta rame har wuyanta ya fito. Na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga sallamar da likita ya yi da Hausa na amsa da Turanci, har zuwa ranar Juma'a a zaure. Ban rage komai ba. Har aikin saifar na faɗa mata, don na gaji da zaɓar wa mutane abin da za su ji.

Ta daɗe tana kallona kamar wani baƙo ne ya shigo mata.

"Shi likitan ya iya Hausa?"

"Ya iya, Inna."

"Yayanka yana zaune a wurin?"

"Yana zaune."

Ta ajiye carbin a kan buzu. Ta ce yayan nawa shi ya sayar da ɗan maraƙinsa na farko ya kai ni makaranta, don gidan nan ya samu mai ji mana abin da ba mu ji. Can ta jawo kwanon tuwon da ke gefenta tun rana, ta buɗe, ta gutsura ta kai baki. Ta ce in fita in ja mata ƙofar.